Tasirin Wuri da Nau'in Ƙasa a Kan Ingancin Amfanin Gona: Nazari Daga Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda wuri da nau'in ƙasa suke sa wa amfanin gona hali na musamman ta fuskar ɗanɗano da cikar ƙwaya da daɗewa a ajiya. An ɗauki ƙananan hukumomin Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi na arewacin Jihar Zamfara a matsayin farfajiyar nazari. An fara da bitar tunanin manoman inabi na Turai game da halin wuri da kuma tsarin noman da ake kira bayodainamik, sannan aka auna su da rabe-raben ƙasa da dabarun taki da manomin Hausa ya gada. An dogara ga rubuce-rubucen masana ƙasa da na tarihi da kuma kalmomin da ke bakin manoma. Maƙalar ta gano cewa ƙasa tana yin tasirinta ne ta hanyar ruwan da take riƙewa da abincin da take ba shuka da zafin da take ɗauka, kuma wannan ilimi yana fuskantar barazana sakamakon yankewar hulɗa tsakanin manomi da makiyayi.

Fitilun kalmomi: halin wuri, jigawa, fadama, taki, gyaɗa, Zamfara

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe yana jingina kayan kasuwa ga wuraren da suka fito. Yakan ce goron Gwanja, gishirin Bilma, albasar Galmi ko ta Aliero, raken Maƙarfi. Wannan jingina ta wuce bayanin hanyar da kaya suka biyo, domin hukunci ce a kan inganci, kuma farashi yakan bi ta. Mai saye ya yarda cewa iri ɗaya, idan aka shuka shi a wurare biyu, ba lalle ne ya ba da abu ɗaya ba.

Tambayar da wannan maƙala ta sa a gaba ita ce: ta wace hanya wuri yake shiga cikin abin da aka noma? Amsar tana da muhimmanci ga arewacin Zamfara, inda mafi yawan jama'a suke ci daga gona, inda takin zamani ya yi tsada, kuma inda rashin tsaro ya raba dubban manoma da gonakin da suka san halinsu tun suna yara. Manomin da aka tayar daga gonarsa ya rasa fili, ya kuma rasa sanin da ya tara game da wannan fili, wanda ba a sayensa a kasuwa.

2.0 Ma'anar Halin Wuri

Manoman inabi na Faransa suna da kalma da ake furtawa "teruwar", wadda ta ƙunshi haɗuwar ƙasa da yanayin sama da shimfiɗar wuri da hannun manomi wajen samar da amfanin da ba a samun irinsa a wani wuri. A wannan maƙala an fassara ta da "halin wuri". A yankin Bagandi na gabashin Faransa an yi ƙarnuka ana rarraba gangaren tuddai zuwa ƙananan gonaki, kowace da sunanta, har suka kai 1,247, kuma hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihi na duniya a 2015. Tun 1935 Faransa ta kafa tsarin doka da ya hana a sayar da kaya da sunan wani wuri sai idan can aka noma su bisa ƙa'idojin da aka shata.

Abin da ake yi da mafi yawan wannan inabi barasa ce, wadda Musulunci ya haramta, dokar Jihar Zamfara ma ta hana tun bayan ƙaddamar da Shari'a a 1999. Abin da ya shafi wannan nazari shi ne ilimin ƙasar da aka tara a kan itacen inabi, domin babu wata shuka da aka bi diddigin dangantakarta da ƙasa kamarta. Abin da binciken ya tabbatar shi ne: inabin da ke kan gangare mai tsakuwa, wanda ruwa ba ya kwanciya a kai, yakan ɗanɗani ƙishi kaɗan lokacin nuna, sai 'ya'yansa su yi ƙanana, fatarsu ta yi yawa bisa ga ruwansu, launi da ƙamshi su taru. Wanda ke cikin ƙasa mai zurfi da yawan taki kuwa yakan tafi ga ganye, 'ya'yan su yi girma su yi salam. Masana ba su yarda cewa ɗanɗanon dutse yana hawa cikin jijiya ya shiga 'ya'yan itace kai tsaye ba. Ƙasa tana aiki ne ta ƙofofi uku: ruwa, da abinci, musamman naitirojin, da zafi. Waɗannan ƙofofi uku su ne ma'aunin da za a yi amfani da shi a nan gaba.

2.1 Noman Bayodainamik

A watan Yuni na 1924 wani masanin falsafa ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Rudolf Steiner ya gabatar da laccoci takwas ga manoma a Koberwitz, wani gari da yanzu yake cikin ƙasar Folan. Daga nan aka samo tsarin bayodainamik, kuma a 1928 aka fito da tambarin Demeter don shaidar kayan da aka noma ta wannan hanya. Tsarin yana da ginshiƙai uku. Na farko, a ɗauki gona kamar jiki guda mai rai, wanda dabbobinsa da shukokinsa suke ciyar da juna, ba tare da takin zamani ko maganin feshi na masana'anta ba. Na biyu, a yi amfani da wasu haɗe-haɗe na musamman, kamar kashin saniya da ake cusawa cikin ƙaho a binne tsawon lokacin sanyi, sannan a dama shi da ruwa a yayyafa. Na uku, a bi tafiyar wata da taurari wajen shuka da girbi.

Gwaji mafi daɗewa a kan wannan tsari shi ne wanda aka fara a 1978 a Therwil kusa da birnin Basel na Suwizalan. Rahoton shekara 21 da aka buga a mujallar Science a 2002 ya nuna cewa gonakin da ba a sa musu takin zamani ba sun ba da amfani ƙasa da na sauran da kimanin kashi 20 cikin ɗari, amma ƙasarsu ta fi yawan ƙananan halittu, ta fi kama jikinta, kuma abin da aka kashe musu na taki da makamashi ya ragu ƙwarai. Ginshiƙi na farko ke nan ya samu goyon bayan bincike. Game da ƙahon da ake binnewa da bin buruji kuwa, bincike bai tabbatar da wani tasiri nasu na daban ba. Wannan bambanci yana da amfani idan aka zo kwatanci da noman Hausa.

3.0 Farfajiyar Nazari

Ƙananan hukumomin uku suna cikin yankin da ruwan sama yake sauka daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, kimanin milimita 600 zuwa 900 a shekara, yana raguwa yayin da aka nufi arewa wajen iyakar Nijar. Abin da ya sa yankin ya dace da wannan nazari shi ne kan iyakar shimfiɗun duwatsu iri biyu ya ratsa ta cikinsa. Ƙauran Namoda da babban ɓangaren Zurmi suna kan tsofaffin duwatsu masu tauri, irin waɗanda ake gani sun ɓullo a Kwatarkwashi. Idan aka nufi arewa maso yamma wajen Shinkafi da Isa, sai a shiga kwarin Sakkwato, inda ƙarƙashin ƙasa yashi ne da tsakuwa da yumɓu da ruwa ya jibge tun zamani mai nisa, waɗanda masana suke kira shimfiɗar Gundumi. A kan dukkansu akwai lulluɓin rairayi da iska ta kawo a zamunnan da hamada ta taɓa gangarowa kudu.

Wannan bambanci yana bayyana a rijiya. A kan tsohon dutse ruwa yana taruwa ne a tsattsage da ruɓaɓɓen saman dutse, saboda haka rijiya biyu maƙwabta sukan bambanta ƙwarai. A kan shimfiɗar yashi kuwa ruwa yana kwance cikin yashin kansa, ya fi yalwa da tabbas.

Gulabe biyu ne suke ɗinke yankin. Gulbin Gagare ya bi ta Ƙauran Namoda, Gulbin Bunsuru ya fito daga ƙasar Katsina ya bi ta Zurmi, suka haɗu a yankin Shinkafi da Isa, kafin ruwansu ya gamu da Gulbin Maraɗi a samu Gulbin Rima. Duk abin da ruwa ya kankaro daga tuddan Ƙaura da Zurmi, fadamun Shinkafi ne suke karɓarsa. Saboda haka ƙasashen uku suna da dangantakar mai bayarwa da mai karɓa.

Tarihi ma ya bi wannan shimfiɗa. Layin dogo da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929, ya tsaya nan, garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga da fatu da ake kaiwa bakin teku. Shinkafi ta shahara da babbar kasuwarta ta ranar Alhamis da kayan fadama da dabbobi. Zurmi kuwa tana jingine da babban dajin kiwo na Zamfara, wanda ya sa noma da kiwo suka cuɗanya a ƙasarta.

4.0 Rabe-raben Ƙasa a Bakin Manomi

Manomin Hausa yana rarrabe ƙasa ta hanyar launi da taɓi da yadda take da ruwa da yadda take karɓar fartanya. Ƙamusun Bargery na 1934 da littafin Polly Hill na 1972 a kan Batagarawa ta ƙasar Katsina sun adana da yawa daga cikin waɗannan kalmomi. Muhimmai daga cikinsu su ne:

i. Jigawa: ƙasar tudu mai rairayi, mai sauƙin noma, mai saurin shan ruwa da saurin sakinsa. Ita ce gidan gero da gyaɗa da wake.

ii. Laka: ƙasa mai danƙo, mai riƙe ruwa da abinci, mai nauyin noma, takan tsattsage da rani. Dawa da auduga da masara sun fi son wadda ta gauraya da yashi.

iii. Jangargari: jar ƙasa mai tauri, wadda takan yi ɓawo bayan ruwa, sai an yi mata huɗa sosai.

iv. Tsakuwa da marmara: ƙasa marar zurfi, wadda jijiya ba ta nisa a cikinta.

v. Faƙo: wurin da saman ƙasa ya tafi, ya daskare, ruwa yana gudu a kansa ba ya shiga.

vi. Fadama: kwarin da ambaliya take kwantawa a kai, mai baƙar ƙasa da ruwa kusa.

Bayan waɗannan akwai rabo na biyu wanda ya danganci tarihin wuri. Karkara ita ce gonakin da ke kewaye da gari, waɗanda ake nomawa kowace shekara ana zuba musu taki. Gonar daji tana nesa, ba ta cika samun taki ba. Saura gona ce da aka bari ta huta. Kufai kuwa tsohon mazauni ne, wanda toka da shara da kashin dabbobi na shekaru suka mayar da shi wuri mafi albarka. Wannan rabo na biyu yana nuna cewa a tunanin Bahaushe halin ƙasa abu ne da hannun mutum yake ginawa ko ya rusa, daidai da yadda Faransawa suka sa manomi cikin ma'anar kalmarsu.

4.1 Tsirrai a Matsayin Manuniya

Kafin a sa fartanya, tsirran da suka fito da kansu sukan ba da labarin ƙasa. Sabara da ƙarangiya suna nuna rairayi. Geza tana nuna tsakuwa da marmara. Bagaruwa tana son laka da kusancin ruwa, goriba da giginya suna nuna ruwa bai yi zurfi ba. Yawan tumfafiya alama ce ta wurin da aka gajiyar. Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, yana yin ƙarfi ne a gonar da abincinta ya ƙare, shi ya sa manoma suke cewa maganinsa taki. Gawo kuwa shi ne abokin manomi: yana zubar da ganye da damina lokacin da shuka take bukatar rana, ya yi ganye da rani lokacin da dabbobi suke neman inuwa, su kwanta ƙarƙashinsa su bar taki. Bincike a Nijar da Sanagal ya tabbatar da cewa geron da ke ƙarƙashin gawo ya fi na fili yabanya da zangarniya.

5.0 Yadda Ƙasa Take Shiga Cikin Amfanin Gona

5.1 Gyaɗa

Babu shukar da ta fi gyaɗa nuna tasirin ƙasa, domin 'ya'yanta a cikin ƙasar suke girma. Takan yi fure a sama, sannan wani tsinke ya sauko daga furen ya huda ƙasa, a bakinsa ɓawo ya ƙullu. Idan saman ƙasa ya yi tauri, kamar a jangargari ko laka, tsinken yakan kasa shiga. Idan ya shiga ma, ranar cira sai rabin 'ya'yan su tsinke su zauna a ƙasa, a bar wa masu roro. Wannan shi ne dalilin da ya sa jigawar da ke kewaye da Ƙauran Namoda ta dace da gyaɗa.

Abu na biyu shi ne kalsiyam, sinadarin da ke cikin farar ƙasa da alli. Ɓawon gyaɗa yana shan wannan sinadari ne kai tsaye daga ƙasar da ke manne da shi, jijiyar uwa ba ta aiko masa da isasshe. Idan ya yi ƙaranci a saman ƙasa, ko ƙasar ta bushe lokacin cika, sai a samu ɓawo babba ba ƙwaya, ko ƙwaya mai baƙin ciki. Shi ya sa takin sufa ya karɓi gyaɗa fiye da yuriya: yana ɗauke da fosfaras da kalsiyam da farar wuta, ita kuwa gyaɗa tana samar wa kanta naitirojin daga iska ta hanyar ƙullutun da ke jijiyarta.

Abu na uku ya shafi lafiya. Jigawar da ta sa gyaɗa ta yi kyau ita ce kuma take saurin bushewa da ɗaukar zafi idan ruwa ya ɗauke da wuri. A irin wannan hali wata fumfuna da ke zaune cikin ƙasa takan shiga ɓawo ta haifar da dafin afulatoksin, wanda aka gano bayan mutuwar dubban talotalo a Ingila a 1960, kuma yana jawo ciwon dajin hanta. Wannan dafi yana bin gyaɗa har cikin ƙuliƙuli da tunkuza. Gonar da ke da taki tana riƙe danshi na wasu kwanaki bayan ɗaukewar ruwa, kuma waɗannan kwanaki suna iya raba gyaɗa mai lafiya da mai dafi. Irin da ke nuna da wuri, kamar SAMNUT 24 da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar tare da abokan aikinta a 2011, yana taimakawa ta wannan fuska.

5.2 Albasa da Barkono

Yajin albasa yana fitowa ne daga sinadaran farar wuta da take tarawa. Ƙasar da ke da yawan farar wuta tana ba da albasa mai yaji, zafi da ƙarancin ruwa kuma suna ƙara shi. Fadama mai yashi da ake shayarwa a kai a kai tana ba da albasa mai girma da sanyin baki, amma mai yawan ruwa, wadda ba ta jure ajiya. Manomin da ya tsananta yuriya a ƙarshen lokaci yakan samu albasa mai kaurin wuya, wadda ruɓa take shiga ta nan. Wanda ya yanke ban ruwa kafin cira ya bar ganye ya kwanta ya bushe, tasa takan kai lokacin da farashi ya tashi. Haka barkono da attaruhu: ƙishi kaɗan lokacin 'ya'ya yana ƙara musu yaji. Wannan ita ce ƙa'idar da aka gani a inabi, cewa wadatar ruwa da taki tana ƙara auki, matsi kaɗan kuma yana tara ɗanɗano.

5.3 Shinkafa da Rake

Fadama ba abu ɗaya ba ce. Kusa da gulbi ambaliya takan zubar da yashi mai nauyi, can nesa inda ruwa ya lafa sai laka mai laushi ta kwanta. Bakin gulbi ya fi dacewa da dankali da kayan lambu, tsakiyar kwari mai laka kuma da shinkafa, domin laka tana hana ruwa zurarewa. Tsohuwar shinkafar Afirka mai jan ɓawo, wadda aka fara nomawa a kwarin Kogin Kwara na ƙasar Mali, ta daɗe a fadamun Rima saboda tana jure hawa da saukar ruwa fiye da irin da aka kawo daga Asiya, ko da yake ba ta kai su auki ba. Rake kuwa yana girma da ruwa da zafi, amma zaƙinsa yana taruwa ne idan girma ya tsaya, wato da sanyin hunturu da janyewar ruwa. Raken da ƙafarsa take cikin ruwa har ranar yanka, ko wanda aka cika wa yuriya, yakan yi tsawo ya yi salam, kuma masu mazarƙwaila suna ganin bambancin a yawan abin da tukunya ta bayar.

Albarkar fadama ta dogara ga ambaliyar da take sabunta ta kowace shekara. Abin da ya faru a ƙasan madatsar Bakolori bayan kammala ta a 1978, inda raguwar ambaliya ta rage noman shinkafa da kamun kifi, darasi ne ga duk wani aiki da za a yi a kan Gagare ko Bunsuru.

6.0 Taki da Dabba da Lokaci

Ƙasar tudu a wannan yanki tana da ƙarancin naitirojin da fosfaras, ruɓaɓɓen ganye da ke cikinta kuma yawanci bai kai kashi 1 cikin ɗari ba. Abin da ya raya ta tsawon ƙarnuka hanyoyi huɗu ne: takin gida da toka da ake kaiwa da mangala a kan jaki, haɗa hatsi da wake ko gyaɗa a kunya ɗaya, ƙurar hunturu da iska take kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi mai ɗauke da kalsiyam da fotashiyam, da kuma yarjejeniyar manomi da makiyayi. A wannan yarjejeniya makiyayi yakan kafa mashekari a gona bayan girbi, shanu su ci kara su kwana a wurin, ana matsar da su daga gefe zuwa gefe, manomi kuma ya ba da hatsi. Masu bincike daga Jami'ar Giessen ta Jamus da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato sun yi aiki a ƙauyukan da ke cikin dajin Zamfara, irin su Dumburum da Shamushalle, a shekarun 1990, kuma rahotonsu na 2001 ya nuna yadda dabbobi suke kwaso abincin ƙasa daga makiyaya su sauke shi a gonaki.

Wannan shi ne ginshiƙin farko na bayodainamik, wanda Turawa suke biyan kuɗi mai yawa don samun shaidarsa, ga shi manomin Zurmi ya gaje shi ba tare da suna ba. Bambancin shi ne a Turai gona ɗaya ce take haɗa dabba da shuka, a nan kuwa al'ummomi biyu ne suke haɗuwa su cika jikin.

Game da lokaci, malamai da manoman Hausa suna da lissafin taurari 28, bakwai ga kowane ɗaya daga bazara da damina da kaka da ɗari, kowane tauraro kwana 13 in ban da ɗaya mai 14, jimla kwana 365. Wannan lissafi yana bin shekarar rana ne, saboda haka ma'auni ne na lokacin ruwa da sanyi, kuma manomi yana amfani da shi don sanin ko shuka ta makara. Ya bambanta da ɗaukar cewa tauraro yana da iko a kan tsiro, wanda bincike bai tabbatar ba, malaman Musulunci kuma suka yi hani da shi.

7.0 Iyakar Tasirin Wuri

Hausawa suna cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba. A fagen noma wannan magana tana tunatar da cewa iri yana da nasa hali wanda wuri ba ya sauyawa. Ƙasa tana iya ƙara wa albasa yaji ko ta rage, amma ba ta mayar da farar albasa ja. Haka kuma shekara tana da nata hukunci: farin 1972 zuwa 1974 da cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 sun durƙusar da noman gyaɗa a arewacin Nijeriya ba tare da ƙasar ta sauya ba. Bayan girbi ma, shanya a kan tabarma ko a ƙasa, da irin rumbun da aka zuba, suna iya ɓata abin da ƙasa ta gyara. Saboda haka duk da'awar cewa kayan wani gari sun fi na wani tana bukatar gwaji: iri ɗaya, a wurare daban-daban, tsawon shekaru da dama.

8.0 Barazana da Shawarwari

Tun daga wajen 2011 rikicin 'yan bindiga ya mamaye wannan yanki, dajin Dumburum da aka yi wancan bincike a cikinsa ya zama wurin da ake jin tsoron ambata. Satar shanu ta raba gidaje da dabbobin huɗa da na taki, amana tsakanin manomi da makiyayi ta karye, gonakin daji sun zama kufai, na karkara kuma ana matsa musu ba hutu. Sakamakon a kan ƙasa ba ya bayyana a shekara ɗaya. Yana zuwa ne a hankali, ta yawaitar ƙuduji da faɗaɗar faƙo. Bisa ga haka ana ba da waɗannan shawarwari:

i. Sassan Hausa da na aikin gona a Jami'ar Tarayya ta Gusau da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda su haɗa hannu wajen tattara sunayen ƙasa da na tsofaffin iri daga bakin dattawa, har da waɗanda suke gudun hijira a garuruwa, sannan a auna samfurin kowace ƙasa a ɗakin gwaji.

ii. Malaman gona su riƙa ba da shawarar taki da sunayen da manomi ya sani, a bambanta abin da jigawa take so da abin da laka take so.

iii. Duk zaman sulhu ya sa batun burtali da mashekari cikin abin da za a tattauna, domin lafiyar ƙasa ta rataya a kansu.

iv. A ƙarfafa barin kututturen gawo da kalgo su sake tsiro a gona, dabarar da ta mayar da miliyoyin itatuwa a jihohin Maraɗi da Damagaram.

v. Ƙungiyoyin manoma su duba hanyar kare sunan wuri a kasuwa, kamar yadda aka yi wa masoron Penja da farar zumar Oku na ƙasar Kamaru rajista a 2013.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa tasirin wuri a kan amfanin gona abu ne da ake iya bayyanawa ta hanyar ruwa da abinci da zafin ƙasa, ko a gonar inabi ta Bagandi ko a gonar gyaɗa ta Ƙauran Namoda. Ta nuna cewa kalmomin jigawa da laka da faƙo da kufai suna ɗauke da lura mai zurfi wadda ta dace da binciken zamani, kuma abin da ya tabbata daga tsarin bayodainamik, wato haɗa dabba da shuka, tsohon abu ne a ƙasar Zurmi da Shinkafi. Aikin da ya rage shi ne na gwaji a gona da na tattara kalmomi, kuma na biyun ya fi gaggawa, domin masu riƙe da su dattawa ne, da yawansu kuma suna zaune nesa da gonakin da suka ba su wannan sani.